Raddi Ga Masu Cewa A Kori Ɗalibi Ba Tare Da An Saurare Shi Ba

Tun da aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura a Disambar 2019, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Kwalejin Yusufu Bala Usman, garin nan ya zama matattarar ɗalibai. Sai ga wata magana tana yawo a bakin wasu malamai da iyaye, cewa in an kama yaro da laifi a sallame shi kawai, zaman kwamitin ladabtarwa ɓata lokaci ne. Na bi hujjojinsu, ban ga wadda ta tsaya da ƙafarta ba.

Sun ce malami uba ne, uba kuwa ba ya shari'a da ɗansa. To, uban da ya tsawata wa ɗansa da safe, da dare tare za su ci tuwo. Kora takarda ce mai hatimi da za ta bi yaro duk inda ya nemi gurbi. Manomin Baure ko Sandamu da ya sayar da gero ya biya kuɗin rajista, yana da haƙƙin a gaya masa abin da ɗansa ya yi da wanda ya ba da shaida.

Sun ce jami'a ba kotu ba ce. Haka ne, amma ba ta fi ƙarfin doka ba. A Fabrairun 1983 ɗalibai suka yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka yi ɓarna da ƙone-ƙone. Aka naɗa kwamitin bincike, aka ba mataimakin shugaban jami'ar jagorancinsa, alhali yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Aka kori ɗalibai. Wani daga cikinsu mai suna Garba da abokansa suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 1986 ta soke korar: mai ƙorafi ba ya zama alƙali, kuma manyan laifuffuka irin ƙona dukiya kotu ce ke yanke hukuncinsu. Haƙƙin sauraro da aka dogara da shi yana nan a sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999. Masu tsoron an ɗaure hannun hukuma su kwantar da hankali, domin a shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba a 2004 kotun ta yarda a dakatar da ɗalibi kafin a kammala bincike.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce ta wanda aka kama dumu-dumu da satar jarrabawa. A nan ma sai an yi tambaya. An tsinci ƴar takarda a ƙarƙashin bencin da mutum uku suke zaune. Rubutun wa ke jikinta? Darasin ranar ta ƙunsa, ko ragowar ta jiya ce? Mai sa ido ya gan ta a hannun yaron, ko a ƙasa? Wannan ba ya buƙatar lauya, zama ɗaya ya isa. Addininmu ma bai bar gurbin gaggawa ba. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai tura Sayyidina Aliyu Yaman, ya umarce shi kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin na biyu kamar yadda ya ji na farko. Bai ware masa shari'ar da laifi ya fito fili ba.

Saura cewarsu wai yara za su raina malamai in aka ba su bakin magana. Ɗalibin da aka rubuta masa tuhumarsa, aka ba shi kwanaki ya shirya, aka bar shi ya yi wa mai shaida tambaya, aka nuna masa inda zai ɗaukaka ƙara, ko an kore shi ba shi da abin faɗa a gari. Wanda ya ga sunansa a allon sanarwa kawai, shi ne zai kwana yana neman lauya a Katsina.