Gobirawa, A Fito Da Kekuna!

Jama'ar Sabon Birni, jama'ar Isa, ina kekunanku? A leƙa zaure, a duba bayan rumbu, a jawo tsohon Raleigh ɗin nan na Baba da ƙura ta binne. A kai wa mai faci ya liƙe tiyub, a ɗiga wa sarƙa baƙin mai, a ɗaure birki. Ranar 3 ga Yuni ce Ranar Keke ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018. Bana a kan sirdi muke so ta same mu.

Na san abin da za a ce: wa ke zancen keke a ƙasar da ake barci da ido ɗaya? Ba mu manta ba. A Disambar 2021 aka ƙona matafiya cikin mota a Gidan Bawa, a kan hanyar da ta haɗa garuruwan nan biyu. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Allah ya jiƙansu. To, amma ku lura da abu guda. Babur ne dokin ɓarayin daji. Yau yaron ƙauye in ya ji ƙugin babura, ko takalmi ba ya tsayawa ɗauka. Keke kuwa ba shi da ƙugi, sai ƙararrawa. Shi malamin makaranta ke hawa, shi manomi ke ɗaura wa buhun albasa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, da yawa waɗanda suka raina shi sun dawo suna lallashinsa. Yaranmu sun ga ayarin masu kisa har sun gaji. Mu nuna musu ayarin da za su bi da gudu suna shewa.

Ba daji muka ce a faɗa ba. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Zagayen farko cikin gari za a yi, Sabon Birni nata, Isa nata, lokaci ɗaya, bayan sallar asuba kafin rana ta buɗe ido. A nemi iznin iyayen ƙasa, a sanar da jami'an tsaro da 'yan sintiri. Daga ƙofar fada a tashi, a ratsa kasuwa, a dawo. Ba tsere ba ne: dattawa a gaba, yara a tsakiya, masu faci a baya da famfo. 'Yan siyasa kuma, don Allah, ku zo da kekenku, ku bar fosta a gida.

Kada abin ya mutu ranar. Kowace unguwa ta haɗa ƙungiyarta, a riƙa fita mako-mako. Kufan Alƙalawa, birnin Bawa Jan Gwarzo, yana nan kusa da Sabon Birni, amma samari nawa ne suka taɓa taka shi? Ranar da hanya ta yi kyau, can za mu, mu gayyato 'yan'uwanmu na Tsibiri da Maraɗi.

Shugabannin ƙananan hukumomi, ba kuɗi muke roƙo ba: a cike ramuka, a ba mu ma'aikacin lafiya da ruwan sha. Mai keke biyu ya ara wa maƙwabci ɗaya. Mu haɗu a ƙofar fada!