RA'AYINMU: Coci-Coci, Dogon Hutu Da 'Ya'yan Talakawan Amurka

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Mayu ko farkon Yuni, makarantun ƙasar Amurka sukan rufe ƙofofinsu na wajen makonni goma domin dogon hutun bazara. Ɗan mai hali yana murna da wannan hutu, don kuwa za a kai shi yawon buɗe ido, a biya masa kuɗin sansanin yara, ga littattafai kuma jibge a gida. Ɗan talaka kuwa, uwarsa ta fita aiki tun da asuba, makarantar da ke ba shi abincin rana ta rufe, laburare yana da nisa, sai ya wuni gaban talabijin ko a bakin titi. Wannan giɓi ne wasu coci-coci na unguwannin marasa galihu suka ɗauki nauyin cikewa, ta hanyar buɗe ajujuwan koyon karatu kyauta a lokacin hutun. A ganinmu aikin nasu ya cancanci yabo, ya kuma cancanci a dube shi da idon basira, domin akwai wurin da yabon ya kamata ya tsaya.

Da farko dai, matsalar ba ƙirƙira ba ce. Tun a 1978 wata masaniya mai suna Barbara Heyns ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan 'yan makaranta a birnin Atlanta, inda ta nuna cewa muddin makaranta tana buɗe, yaran talakawa da na masu hali suna ci gaba kusan tare, amma da zarar an yi hutu sai tazara ta buɗe a tsakaninsu. Ta kuma gano cewa yawan littattafan da yaro ya karanta a hutu da yawan zuwansa laburare suna cikin abubuwan da suka fi tasiri. Bayan ita, malaman Jami'ar Johns Hopkins, Karl Alexander da Doris Entwisle, suka bi sawun yara kimanin 800 da suka shiga aji ɗaya na firamare a Baltimo a 1982, har suka girma. A 2007 suka ba da rahoton cewa wajen kashi biyu cikin uku na tazarar karatu da ke tsakanin ɗan talaka da ɗan mai hali a aji tara, a hutun shekarun firamare ta taru.

Wannan adadi ya yi shekaru yana yawo a bakin 'yan siyasa da masu neman gudummawa, kamar ba ya karɓar gardama. To, amma ya karɓa. A 2019 Paul von Hippel na Jami'ar Teksas ya bayyana cewa da aka auna yara da sababbin jarrabawa, tazarar ba ta faɗaɗa a hutu yadda aka ɗauka ba, kuma mafi yawanta yaro ya zo da ita ne tun kafin ya sa ƙafa a aji ɗaya. Ya kamata ma'aikatan ilimi da ɗalibai masu karanta wannan shafi su riƙe wannan, domin abin da aka maimaita sau dubu bai zama gaskiya ba saboda maimaitawar. Sai dai ko shi von Hippel bai ce a bar yara su yi zaman banza ba. Hujjarsa ita ce, ko da hutu ba shi ne ya haifi tazarar ba, shi ne lokacin da ya fi dacewa a rage ta, tun da yake ba wani darasi da ke gaban yaron. Buƙatar kuwa a fili take: a jarrabawar auna ilimi ta ƙasa da aka yi a 2024, kimanin kashi 40 cikin ɗari na 'yan aji huɗu a Amurka ba su kai ko matakin farko na iya karatu ba.

Me ya sa coci? Amsar tana cikin tarihi. A 1780 wani mai jarida a garin Gulosta na Ingila, Robert Raikes, ya fara tara yaran da ke aiki a masana'antu kwana shida a mako, ana koya musu karatu ranar Lahadi, ranar da kaɗai suke da sarari. Daga nan makarantar Lahadi ta bazu. A Amurka kuwa, inda wasu jihohin kudu suka taɓa kafa dokar hana koya wa bawa karatu, cocin baƙar fata ya daɗe da zama makaranta da majalisa da mafaka gaba ɗaya. Shi ya sa a bazarar 1964, lokacin da masu gwagwarmayar 'yancin baƙar fata suka buɗe abin da suka kira Makarantun 'Yanci sama da 40 a Jihar Misisipi, yawancinsu a cikin coci aka yi su, yara fiye da 2,000 suka halarta.

Ba a banza aka samu wannan ba. Jama'ar cocin Mount Zion na ɗariƙar Methodist, a gundumar Neshoba, sun yarda a buɗe irin wannan makaranta a ɗakin ibadarsu. Ranar 16 ga Yuni, 1964, 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan suka lakaɗa wa wasu daga cikinsu duka, suka ƙone cocin ƙurmus. Samari uku da suka je duba abin da ya faru, James Chaney da Andrew Goodman da Michael Schwerner, aka kashe su ranar 21 ga watan, ba a gano gawarwakinsu ba sai a Agusta. Chaney baƙar fata ne ɗan jihar, sauran biyun Yahudawa ne daga Niyok. Duk wanda ke ganin koya wa ɗan talaka karatu ƙaramin abu ne, to, waɗanda suka cinna wa cocin nan wuta ba su ɗauke shi ƙarami ba.

Wannan gado ne ƙungiyar Children's Defense Fund, watau asusun kare yara da Marian Wright Edelman ta kafa a 1973, ta farfaɗo da shi. Tun daga 1995 take tafiyar da Makarantun 'Yanci na makonni shida a lokacin hutu, tare da coci-coci da makarantu da ƙungiyoyin unguwa. Akan buɗe kowace safiya da taron waƙa da tafi da ƙarfafa gwiwa da suke kira Harambee, kalmar Swahili mai nufin a haɗa ƙarfi, sa'an nan a shiga karatu cikin ƙananan rukunoni, malami ɗaya ga yara kamar goma. Littattafan an zaɓe su ne yadda yaro zai ga irinsa a ciki, kuma ana ba shi wasu ya tafi da su gida. A birnin Dalas na Teksas kuma, mabiya ɗariƙar Methodist sun soma wani shiri a 1998 mai suna Project Transformation, wanda daga baya ya yaɗu zuwa wasu jihohi. Dabararsu mai sauƙi ce. Ga coci a unguwar talakawa, masu zuwa ibada sun ragu, ɗakuna suna kulle duk mako. Ga ɗaliban jami'a suna neman aikin hutu. Ga yara ba su da wurin zuwa. Sai aka haɗa ukun, aka ƙara da 'yan sa kai daga coci-cocin masu wadata, waɗanda kan zo su zauna da yaro ɗaya ɗaya yana karanta musu littafi da ƙarfi suna gyara masa.

Zaman nan na mutum ɗaya da yaro ɗaya shi ne ƙashin bayan aikin. Malamin da ke da yara ashirin ko talatin a aji ba shi da halin sauraren kowannensu yana karatu kullum, alhali kuwa karatu, kamar saƙa ko tuƙi, sai da yi ake gwanancewa. Haka nan ba a raina abinci. Tun 1968 gwamnatin tarayyar Amurka take da shirin ciyar da yaran talakawa a lokacin hutu, coci-coci da yawa kuma suna cikin wuraren rabon. Mai jin yunwa ba ya gane baƙi, uwa kuma ta fi saurin turo ɗanta inda ta san zai ci ya ƙoshi, ya kuma kasance a hannun mutanen da ta sani.

To, sai dai akwai abin dubawa. Sadaka tana zuwa ne inda mai bayarwa yake, wanda sau da yawa ba nan ne buƙata ta fi tsanani ba. Unguwar da ta yi dace da fasto mai himma da masu ba da gudummawa za ta samu sansani. Ta kusa da ita, mai irin talaucin, ba za ta samu ba, kuma babu ofishin da iyayenta za su kai kuka. Yaro yana da haƙƙi a kan gwamnatin da ke karɓar harajin iyayensa, amma ba shi da haƙƙi a kan akwatin baiko na wani coci. Idan gudummawa ta yanke a bana, shirin ya mutu ke nan. Muna ganin haɗari ne babba hukumomin ilimi su riƙa nuna waɗannan sansanoni a matsayin shaidar cewa ana kula da yaran talakawa, alhali nauyin nasu ne wasu suke ɗauka musu. A ƙasar da kuɗin makaranta ya dogara ƙwarai ga harajin gidajen yankin da makarantar take, makonni shida ko takwas na alheri ba za su gyara ranaku 180 na rashin daidaito ba.

Sa'an nan ga maganar addini, wadda ba ta kamata a ɓoye ta ba. Unguwannin talakawan Amurka cike suke da baƙi, cikinsu har da Musulmi da mabiya wasu addinai da marasa addini. Uban da talauci ya sa ya kai ɗansa coci don karatu da abinci yana da haƙƙin a gaya masa tun farko abin da za a koya wa yaron. Dokar ƙasar ta taimaka a nan: inda kuɗin gwamnati ya shiga, alal misali matasan da ke hidimar ƙasa a ƙarƙashin shirin AmeriCorps, an hana su koyar da addini ko jagorantar ibada a lokutan da ake lissafa musu a matsayin aiki. Inda kuɗin na coci ne zalla, babu abin da ya rage sai gaskiyar masu shirin. Coci yana da 'yancin buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki ta hutu, kamar yadda ake yi a can fiye da shekara ɗari, amma ya kira ta da sunanta. Sanya mata rigar ajin karatu yaudara ce, kuma ita za ta ɓata wa masu aikin gaskiya suna.

Haka kuma ya kamata a yi hattara da alƙaluman nasara. Yawancin shirye-shiryen nan su ne suke auna kansu da kansu, yaran da suka zo kuma su ne waɗanda iyayensu suka damu har suka rubuta sunayensu, watau ba lallai su zama misalin sauran ba. Binciken da ya fi gamsarwa shi ne irin wanda Richard Allington da abokan aikinsa suka wallafa a 2010. A makarantun talakawa na Jihar Fulorida, an bar wasu yara, waɗanda ƙuri'a ta zaɓa, su ɗauki littattafai 12 da suka ga dama a ƙarshen kowace shekarar karatu har shekara uku, aka kwatanta su da waɗanda ba a ba su ba. Waɗanda aka bai wa sun fi samun maki a jarrabawar karatu ta jiha, mafi talauci a cikinsu kuma su suka fi amfana. Babu malami, babu aji, littafi ne kawai da yaro ya zaɓa da hannunsa.

Mu ma nan muna da dogon hutu daga Yuli zuwa Satumba, kuma sanin kowa ne cewa darasin hutu da ake kira lesin sai mai kuɗi. Ɗaliban jami'o'i da kwalejojin horon malamai suna gida a lokacin, ajujuwan firamare da na Islamiyya da ɗakunan taron coci suna da sa'o'in da ba kowa a ciki. Ma'aikatun ilimi na jihohi suna iya tambayar kansu nawa ne kuɗin littattafan Hausa 12 ga ɗan aji uku, da kuma wanda zai zauna ya saurare shi yana karanta su.