Cikar RAM Ba Laifi Ba Ne: A Auna Kafin A Rage Wa Sabar Imel

Tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi, saboda kamfanonin AI suna kwashe shi zuwa manyan cibiyoyinsu. Idan kaya ya yi tsada, mai kula da kwamfutocin ofis yakan nemi inda zai zare. Sai idonsa ya faɗa kan sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonni tana rarrabawa, wai tana cinye RAM a banza. Wannan gurgun lissafi ne.

Mai sayar da albasa a Aliero ya san bambancin rumbu da shimfiɗar gabansa. Rumbu shi ne ma'ajiyar kwamfuta, shimfiɗa kuwa ita ce RAM. Idan ya rage shimfiɗa, duk mai saye da ya zo sai ya ruga rumbu, layi kuma ya yi ta tsawo.

Haka sabar take. Manhajar Exchange ta Microsoft da gangan take cika RAM da bayanan akwatunan saƙo, don kada ta riƙa komawa ma'ajiya. Kamfanin ya ƙayyade aƙalla 8GB ga Exchange 2016, ya kuma ba da shawarar 128GB ga ta 2019. Cikar RAM ke nan alamar aiki ce.

Idan aka zare ba lissafi, wa zai sha wahala? Ɗalibi daga Jega ko Maiyama, mai neman gurbi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ko guraben aiki a wata ma'aikata, shi zai zauna yana jiran saƙo, datarsa na ƙonewa, wa'adi na ƙaratowa. Kuɗin da ofis ya tsimi, a jikinsa aka cira.

Ragewa ba haramun ba ce. Sabar da aka saya don mutum dubu amma ɗari ke amfani da ita, tana iya haƙura da ƙasa da haka. Sai dai a auna ta a ranar cunkoso, a rage kaɗan-kaɗan, a kuma ajiye abin da aka zare kusa.

Darasin ya shafi masu waya ma. Android ma da gangan take riƙe manhajoji a RAM, manhajojin "share RAM" kuwa sake buɗe su kawai suke jawowa, batir ya tafi. Wayar da aka rubuta wa "8GB+8GB" kuma, rabin na biyu aro ne daga rumbu. A duba lambar farko kafin a biya.