Diyyar rauni a bakin aiki: inda rahoton likita ke gagarar Babbar Kasuwa

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a asusun hukumar NSITF. Sai dai ba a biyan diyya da fatar baki. Dole likita mai rajista ya duba raunin, ya rubuta girman nakasar.

A nan lamarin ke cijewa a Babbar Kasuwar Katsina. Yaron shagon da buhu ya karya wa ƙafa gidan maɗori yakan nufa, shi kuwa maɗori, komai gwanintarsa, hukuma ba ta karɓar shaidarsa. Ko da yaron ya je asibiti, da wuya a samu maigidansa ya taɓa yi masa rajista.