Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

Ranar Juma'a a majalisarmu ta bakin masallaci, nan Bogobiri, aka ɗauko zancen manoman duwatsun Boki da takun-saƙarsu da masu gadin daji. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, "Mu ina ruwanmu? Mu baƙi ne, kasuwa ta kawo mu Kalaba." Baba, Allah ya ƙara girma, amma wannan magana ban yarda da ita ba.

Tun farko dai, ni ba na cikin masu cewa a bar kowa ya sari daji. Mu da muka fito daga inda hamada ke cinye gonaki, ba sai an karanta mana amfanin itace ba. Dajin Kuros Riba shi ne mafi girman abin da ya rage na kurmin Nijeriya, kuma gwaggon birin da ke cikin duwatsunsa bai kai 300 ba a duniya. A kare shi, wajibi ne. Tambayata ita ce, wa ke biyan kuɗin karewar?

A 1991 aka kafa gandun daji na ƙasa a jihar. Ƙauyuka irin su Okwangwo da Okwa, da suke zaune tun kaka da kakanni, sai suka wayi gari a tsakiyar gandu. Aka yi musu alkawarin sabon matsuguni. Yau shekara talatin da ɗoriya, suna nan inda suke. Iyali na ƙaruwa, gona ba ta da halin faɗaɗa. Mutum ya ƙara 'yan kunyoyi na rogo ko ayaba, ya zama mai laifi a ƙasar ubansa.

A 2008 gwamnatin Liyel Imoke ta hana sarar katako a jihar baki ɗaya. Madalla. To amma duk mai bin hanyar Ikom ya san motocin katako ba su daina wucewa ba, har aka ɗage dokar a 2023. Jama'a, manomi mai adda ne yake da tirela? Shi ne ke da injin sara da kuɗin sallamar shingaye?

Sannan ga babban abin mamaki. A 2015 aka aza tubalin babbar hanya mai tsawon kilomita 260 da za ta ratsa dajin. A farkon 2016 gwamnati ta soke mallakar fili kilomita 10 dama da hagu na hanyar, abin da ya shafi garuruwa fiye da 180. Mutanen Ekuri, waɗanda suka daɗe suna kiyaye dajinsu da kansu, suka tashi tsaye, sai a 2017 aka janye sanarwar. Wato in talaka zai shuka doya, daji abin alfarma ne. In manya za su shigo da buldoza, sai ya koma jeji kawai.

Yanzu bari in amsa wa Baba. Namijin goro da ogbono da ayabar da muke lodawa zuwa Arewa, daga hannun wa suke fitowa? In aka tashi manomin nan, ko dajin ya ƙare, me za mu loda? Kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, ita ce ke kan rumfunanmu da gidajenmu. Wanda aka iya soke wa gonar gado da sanarwar jarida, ina ga mu da muka zo jiya? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu ma mu duba kanmu. Direbanmu da ke ɗaukar katako da tsakar dare ba takarda, da dillalin da ke karya wa manomi farashi don ya san ba shi da hanyar fito da kaya, duk suna cikin masu cin dajin nan.

Roƙona ga Sarkin Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi: a hana yaranmu dakon katakon sata, a sayi kayan manoma da daraja, kuma in mutanen duwatsu suka kai kukansu gaban hukuma, a ga hulunanmu a wurin. Zama lafiya da mai masauki ya wuce gaisuwar safe.

Allah ya sa mu gane.