Wasiƙar Akawun Birni: Kada Ka Sayi Taki Baki Ɗaure

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in faɗa wa 'yan'uwana mazauna birnin Kano wata hasara da na yi bana, ko wani ya ga gemuna ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa.

Kowa ya sani gidajenmu na cikin ganuwa sun matse. Filin da kakanninmu su ke shuka rama da kuɓewa a bayan gida, yanzu duk ya zama ɗakuna. Saboda haka mutane da yawa sun koma shuka cikin tukwane da buhuna da tsofaffin bokitai, a tsakar gida ko bisa soro. Ni ma da tsadar kayan miya ta ishe ni sai na ce bari in gwada. Ran wata Asabar na fita wajen masu renon dashe da ke bakin titi a wajen gari, na sayi dashen tumatir da attarugu, na kuma sayi buhu 3 na abin da mai lambun ya kira haɗaɗɗiyar ƙasa. Ban kwance bakin ko ɗaya ba, gama na ga da araha. Na cika tukwane 12. Cikinsu har da ɗan lemun tsami wanda tsohuwata ta kawo daga ƙauyensu, ta yi shekara guda tana renonsa cikin gwangwani.

Kwana 10 ba su cika ba sai na ga bakin ganye ya ƙone kamar an kara masa wuta. Na ƙara ruwa, abu ya ƙara lalacewa. Kafin wata ya ƙare duk sun bushe, har da lemun. Tsohuwa ba ta ce mini kome ba, sai dai ta ɗauki gwangwaninta ta wanke ta ajiye. Wannan ya fi mini ciwo bisa ga kuɗin da na ɓatar.

Na je na kirawo wani dattijo maƙwabcinmu wanda ya tsufa cikin aikin lambu. Na ce, "Baba, zo ka duba mini, ko hannuna ne ba shi da albarka?" Ya tura hannu cikin tukunya, ya ɗebo, ya shinshina, ya yi dariya. Ya ce, "Ɗana, hannunka lafiya lau. Wannan ɗanyen kashin kaji ne da ɗanyen ɓuntun shinkafa, aka yayyafa musu ƙasar juji." Ya baza a ƙasa, sai ga guntayen leda da fasasshiyar kwalba.

To, jama'a, ga abin da na fahimta daga bakinsa da kuma ɗan karatun da na yi daga baya. Ɗanyen taki, balle na kaji, yana da gishiri da zarni mai ƙarfi. A gona mai faɗi ruwan sama yana wanke shi, ƙasa kuma ta shanye, amma cikin tukunya saiwa ba ta da wurin gudu, sai ta ƙone. Ɓuntu kuwa da garin katako waɗanda ba su ruɓe ba, ƙananan halittun da ke ruɓar da su suna janye abincin da ya kamata shuka ta ci, sai ka ga ganye ya yi rawaya. Watau abu biyu su ka taru a kaina.

Kada wani ya ce ina zagin takin birni. Da shi ƙasar Kano ta yi suna. Michael Mortimore, Baturen nan da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Bayero, ya binciki karkarar da ke kewaye da birni tun cikin shekarun 1960, ya bayyana yadda jakai su ke shigo da itace su koma da mangalar taki, har a ke noma gona ɗaya kowace shekara ba ta gaji ba. Amma fa jujin wancan zamani toka ce da kashin awaki da sharar tsakar gida. Na yau akwai leda da kwalabe da ragowar magunguna, wani lokaci har da fasasshen batirin mota, wanda ke da dalma. Haka kuma baƙar ƙasar da a ke kwasowa bakin Jakara ko kusa da magudanar masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai, kada baƙinta ya ruɗe ka. Ruwan jimar zamani yana ɗauke da sinadarin kuromiyam, irin waɗannan kuwa ba su ruɓewa kamar ganye. Wanda zai shuka abin da 'ya'yansa za su ci, ya nisanci wannan.

Mutanen wasu ƙasashe ma sun sha wannan wahala kafin su gane. A Indiya, a garin Indore, Sir Albert Howard ya tsara hanyar jera ciyawa da kashin dabbobi da toka hawa hawa, ana yayyafa ruwa ana juyawa har kamar wata 3, ya buga bayaninta cikin 1931. A Ingila kuma, cikin shekarun 1930, ma'aikatan cibiyar John Innes su ka auna haɗin ƙasar tukunya: kashi 7 na ƙasa mai kyau, 3 na ruɓaɓɓen gansakuka, 2 na yashi. Mu ba mu da irin gansakukarsu, amma darasin ɗaya ne: shuka tana son abinci, tana son iska, tana son ruwa ya wuce.

Ga yadda na ke gwada taki yanzu kafin in biya.

Da fari, in sa a kwance buhu, in tura hannu har tsakiya. In na ji ɗumi, bai gama ruɓewa ba. Tarin taki mai aiki zafinsa yana kai digiri 55 ko fiye, wannan zafi ne ke kashe ƙwayoyin cuta da 'ya'yan ciyawa, amma sai ya huce kafin a shuka.

Na biyu, in shinshina. Nunannen taki ƙanshinsa kamar ƙasa ran da aka yi ruwan fari. Zarni ko ɗoyi alamar ɗanye ne.

Na uku, in duba. Ya zama baƙi baƙi, mai laushi, har ba ka iya cewa wannan kashin akuya ne, wannan kara ne. In ka ga leda ko kwalba ko gara ko 'ya'yan aya-aya, bar masa kayansa.

Na huɗu, in jiƙa kaɗan in dunƙule. In ya dunƙulu, sa'an nan ya watse da na taɓa shi da yatsa, madalla. In ya daskare kamar yumɓun tukwane, zai shaƙe saiwa.

Na biyar, wanda ya fi duka, in sayi mudu guda tukuna, in shuka ƙwayar wake 10 a ciki. Cikin mako guda wake zai faɗi gaskiya. In 8 ko 9 su ka fito kore shar, in koma in sayi buhu.

Ko takin ya yi kyau ba na shuka cikinsa zalla. Ina haɗa kashi 2 na ƙasa, 1 na taki, 1 na yashi, in huda gindin tukunya, in sa 'yan katanga bisa hujin.

Ku kuma masu lambu, ina roƙonku ku riƙa faɗa wa mai saye abin da ke cikin buhu da watannin da ya yi a tare. Na tambayi mutum 4, ɗaya kaɗai ya kai ni ya nuna mini tarinsa ba tare da ɓata rai ba. Wurinsa na ke saye yanzu, na kuma kai masa abokan aikina 2. Wanda ya sayar mini da na fari ban ce ya yi da mugunta ba, watakila shi ma haka aka kawo masa. Rabin laifin nawa ne, gama araha ba ta ado.

Na samo wa tsohuwa wani ɗan lemun. Ta karɓa, amma ta ce sai ta ga wake ya fito da idonta kafin ta yarda a dasa. Jiya ya fito, 9 cikin 10.

Haza wassalam.

Naka,
Akawun Birni, Kano.