Dogon Makaɗi, Gajeriyar Kujera, da Jitar da Za a Sayo

A majami'u da yawa, idan kuɗin sayen jitar lantarki ya haɗu, ga yadda ake yi: a zaɓi mutum biyu masu amana, su tafi kasuwa, su duba launi da farashi, mai shago ya jona ta da amfilifaya ya ɗan taɓa ta a tsaye, ta yi ƙara mai daɗi, a biya. Wanda zai ɗora ta a cinyarsa kowace Lahadi kuwa yana gida. In matsakaicin tsayi gare shi, sau da yawa akan dace. In dogo ne, irin samarin nan namu da sai sun sunkuya kafin su shiga ɗakin ajiyar kaya, to an sayo masa ciwon baya da kuɗin baiko. Ra'ayinmu shi ne kada a sayi jita sai mai kaɗa ta ya zauna da ita tukuna, a kan irin kujerar da zai zauna a sujada.

Mun ce a zaune domin haka yawancin aikin yake. Waƙa biyu ko uku ake yi a tsaye. Koyon waƙa na yammacin Asabar, rakiyar zumuntar mata, kwanan addu'a, taron farkawa na kwana uku, duk a kujera makaɗi yake yin su, wani lokaci awa uku bai tashi ba.

Mutane sukan ɗauka dogo yana bukatar jita mai dogon wuya. Ba nan matsalar take ba. Tsawon tsirkiyar Fender Stratocaster, daga inda ta tashi zuwa inda ta sauka, inci 25.5 ne. Na Gibson Les Paul inci 24.75 ne. Bambancin bai kai santimita biyu ba, kuma a gurbin farko na wuya, inda yatsu suka fi sararawa, kusan milimita ɗaya ne kacal. Mai manyan yatsu zai ji shi kaɗan, amma ba shi ke ranƙwafar da baya ba. Abin da ke ranƙwafar da dogo shi ne tazarar da ke tsakanin cinyarsa da ƙirjinsa. Jita tana zama ne a kan cinya ta wurin ƙugunta, wato lotsawar nan da ke tsakiyar jikinta. Gajeren mutum ya ɗora ta, sai ta kai masa ƙirji, gwiwar hannunsa ta sami wurin hutawa. Dogo ya ɗora wannan jitar, sai ta tsaya masa a cibiya. Tunda ita ba za ta hau ba, shi zai sauko: ya sunkuyar da kai, ya tanƙwara baya, kafaɗar dama ta zube gaba, wuyan hannun hagu ya lanƙwashe don ya kai ga tsirkiyoyi. Minti goma ba komai. Shekara biyu a haka, sai a ga yaro ɗan ashirin yana dafa kwankwaso in zai miƙe, kamar dattijon da ya dawo daga huɗa.

Saboda haka jikin jitar za a duba. Les Paul, wadda ta fito a 1952, muryarta ba a magana, amma jikinta ƙarami ne, faɗinsa wajen inci 13, ga nauyi da yakan kai kilo huɗu ko fiye, kuma nauyin ya fi yawa ta baya, har takan so zamewa daga cinya. A ganinmu ita ce ta fi wahalar da dogo a zaune, ko da yake ita samari suka fi sha'awa saboda hotunan da suke gani. Stratocaster ta 1954 ta fi sauƙi, domin an feƙe bayanta inda take taɓa ciki, an kuma kwantar da gefen da hannu ke hawa. Wadda aka ƙera musamman don mai kaɗawa a zaune ita ce Fender Jazzmaster ta 1958: an karkata ƙugunta, jikinta kuma ya fi na Stratocaster tsawo da faɗi, don haka takan cika gaban dogon mutum. A shekarar nan ta 1958 Gibson ya fito da ES-335, mai faɗin inci 16, kuma wannan faɗin yakan ɗaga wurin da hannun dama ke hutawa. Tana da rami a gefe biyu amma da katako a tsakiya, wanda ke rage kukan nan mai tsinka kunne da jita mai rami zalla take yi in ta kusanci sifika. A ƙaramar majami'a inda sifika ke bayan makaɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ita kuwa Flying V, mai kama da kan kibiya, ba ta da ƙugu ma sam, sai dai a saƙala ta tsakanin ƙafafu. A bar wa masu tsalle a dandamali.

Mun san aljihun zumuntar matasa bai kai ga waɗannan na asali ba. Siffar muke magana, ba sunan ba. Squier yana yin siffofin Fender da sauƙin kuɗi, Epiphone yana yin na Gibson, akwai Yamaha Pacifica mai siffa irin ta Stratocaster, kuma akan sami na hannu masu lafiya.

Wani dattijo zai ce wannan duk tsirfa ce, su da suka yi hidima da jita ɗaya tak mai tsirkiyar wayar birki ba su mutu ba, kuma kayan ikilisiya na kowa ne, ba a ɗinka shi a jikin mutum ɗaya. Maganarsa ta biyu tana da nauyi. Gobe dogon zai iya samun makaranta a Zariya ya tafi, a bar yarinya 'yar aji huɗu da jitar da ta fi ƙarfin hannunta. Shi ya sa, in masu kaɗawa suna da yawa kuma tsayinsu ya bambanta, siffar Stratocaster ta fi zama ta kowa, sai a gyara wa dogon ta wajen zama. Amma batun tsirfa ba mu yarda ba. A littafin 1 Sama'ila sura 17, Saul, wanda ya fi kowa tsawo a Isra'ila, ya sa wa Dauda kayan yaƙinsa, Dauda ya gwada tafiya da su, ya ga bai saba ba, ya tuɓe. Ba wanda ya kira shi mai raini. A namu zancen dogon ne aka ba kayan da ba su yi masa ba, amma hujjar ɗaya ce.

Gyaran zaman nan kuwa shi ya fi araha, kuma shi ya kamata a fara yi tun kafin a yi maganar sabuwar jita. Na farko maratayi. Yawancin makaɗa sukan cire shi da zarar sun zauna, alhali dogo ya fi bukatarsa a zaune. A rage tsawonsa har jitar ta ɗan tashi daga cinya ta kwanta a ƙirji, ya zama ko ya zauna ko ya miƙe tana wuri ɗaya. A nemi mai faɗi, domin siriri yakan ci kafaɗa. Sai kujera. Farar kujerar roba mai hannu abokiyar gabar makaɗi ce: hannunta yana tokare jita, ga ta gajeriya, gwiwar dogo takan fi kwankwasonsa tudu, baya kuma dole ya lanƙwashe. Kujerar mai ganga, wadda ake murɗawa ta hau ko ta sauka, ita ta fi. In babu, a haɗa marasa hannu guda biyu, ɗaya a kan ɗaya. Sai dai a lura, ɗaga kujera yana miƙar da baya amma yana sa cinya ta gangara, jita ta nemi zamewa, don haka ba ya aiki sai da maratayin, ko da ɗan abin taka ƙafa. Masu kaɗa jitar gargajiya ta Sifen sun daɗe da sanin wannan: sukan ɗora jita a cinyar hagu, su taka ɗan matashi da ƙafar hagu, wuyan jitar ya dubi sama. Guntun katako mai kaurin inci biyar ko shida zai yi wannan aikin, kuma kowane kafinta a cikin ikilisiya zai yanko shi.

Ranar zuwa shago, a tafi da makaɗin, a roƙi kujera marar hannu, ya zauna ya kaɗa waƙoƙin da muka saba yi na minti ashirin aƙalla, ko mai shago ya ƙosa. Ɗaya daga cikin 'yan rakiya ya tsaya ta gefe ya duba: kunnensa yana daidai saman kafaɗarsa, ko kansa ya yi gaba kamar na kunkuru? Kafaɗar dama ta ɗaga ko ta zube? Daga nan ya saki hannu a hankali a ga ko jitar za ta tsaya, ko wuyanta zai rinjaya ƙasa, kamar yadda siffar SG ta saba yi. In an yi oda ne daga Legas ba a gani ba, a yi yarjejeniyar mayarwa kafin a tura kuɗi, ma'aji kuma ya ajiye saƙon.